Hatimi a Kife

Rana ɗaya Nagumo Teruaki da Tokumaru Shinpei suka fara aiki a kamfanin Kirishio da ke Osaka, suna samari, kowa sanye da baƙar kwat da ta yi masa yawa a kafaɗa. Wanda kuka shiga aiki rana ɗaya kuwa ya wuce abokin aiki. Shi ya ga ranar da aka fara yi maka tsawa a gaban mutane, shi ya zauna a sahun gaba ranar aurenka, kuma shi kaɗai ne a duk ginin zai kira ka sakarai ka yi dariya. Shekara talatin suka yi a haka. Nagumo ya zama shugaban sashen na'urar wasa, irin wadda yara ke jonawa da talabijin su hana ubansu kallon labarai. Tokumaru kuma ya zama shugaban sashen faifai, ya yi furfura a ɗakin gwaji yana neman yadda zai cusa duniya cikin abin da bai fi murfin kwano ba.

To, a ƙarshe ya samu. Sabon faifansa yana ɗaukar abin da tsofaffi goma ba za su ɗauka ba, hotonsa kuwa tangaran, har ka ga zaren rigar mutum. Matsalar ita ce idon da ke karanta faifan, wanda tsadarsa ta fi ƙarfin hankali. Ba mai sayen faifai in babu abin karanta shi a gidansa, masu yin fim kuma ba za su zuba fim a faifan da ba mai saye ba. Sai Tokumaru ya hango ƙofa: a sa idon cikin sabuwar na'urar wasan da Nagumo ke ƙerawa, ta shiga da shi gida-gida. In an sa, farashin na'urar zai kusa ninkawa. In ba a sa ba, za a rufe sashen faifai a watsa mutanensa.

Shi Nagumo yana da ma'auninsa, wanda babu shi a kowane littafin kasuwanci. Kowace shekara, washegarin sabuwar shekara, yakan je shagon kayan wasa na wata tsohuwa a unguwar Nipponbashi, wadda manya da yara ke kira Obachan. Yakan tsaya a lungu kusa da hita, hannu cikin aljihu, yana kallon yara suna shigowa da 'yan ƙananan ambulan na goron sabuwar shekara da kakanni da kawunnai suka ba su. Abin da yaro zai iya saye da ambulan ɗin shekara guda, in uwa ta ɗan cika masa, shi ne farashin na'urar wasa a wurin Nagumo. Duk abin da ya haura haka, a cewarsa, ba kayan wasa ba ne, kayan ɗaki ne.

A Kirishio ba a yanke shawara a ɗakin taro. Ɗakin taro wurin gyaɗa kai ne. Mai son abu yakan bi shugabanni ɗaya bayan ɗaya tun da wuri, yadda mai lambu ke haƙe gefen saiwa kafin ya ɗaga bishiya, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Tokumaru ya bi kowa. Ya sha shayi da Hiraoka na sashen talla, ya ci kifi da Kiyosue na sashen kuɗi, dukansu suka yi masa murmushi har kunne. Sai da ya gama kaf ya ja Nagumo zuwa rumfar udon da ke ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, inda suke cin taliyar rana a tsaye tun suna ƙananan ma'aikata.

"Ni ka bari a ƙarshe ke nan," in ji Nagumo.

"Wa ke ƙwanƙwasa ƙofar gidansu? Kai ai gida ne."

"Bar daɗin baki, tsoho. Nawa ne idon?"

Tokumaru ya faɗa. Nagumo ya ajiye tsinken cin abincinsa a kan kwano.

"Ido ne ko fili za ka sayar mini?"

"Cikin shekara biyu farashin zai faɗi warwas, ka gani."

"Ɗan shekara goma ba shi da shekara biyun jira. Kafin nan ya fara shafa mai a kai yana leƙen 'yan mata."

"Ka ji ka! Kai har yanzu yaran da suka riga suka girma kake ƙera wa. Masu wasa yanzu albashi gare su, wasu har da sanƙo irin naka."

"Sanƙona ya fi furfurarka tsari."

Jirgi ya wuce ta samansu, kwanuka suka yi rawa. Da ƙarar ta lafa, Tokumaru bai koma ga raha ba. Ya ce, yana kallon romo, "Mutum arba'in ne a ƙarƙashina, Nagumo. Wasu tun daga makaranta na ɗauko su."

Nan ne ya kamata Nagumo ya ce a'a. Bakinsa ya san kalmar sarai. Amma ya dubi kafaɗun abokinsa da suka rankwafa, sai ya ɗaga kwano ya shanye romo, ya ce bari ya duba. Tokumaru ya daki bayansa ya biya kuɗin taliyar, ya tafi da sauri kamar wanda aka sauke wa kaya. Nagumo kuwa ya koma ofis da kayan a kansa.

Ba a jima ba takardar shawara ta fara zagaye. Ita ma da tsarinta: a samanta akwai gidaje a jere, kowane shugaba da nasa, kowa ya dangwala hatiminsa da jan tawada ya miƙa gaba, har ta kai ga shugaban kamfani. Ƙanana sukan ɗan karkata nasu, kamar mai rusuna wa na sama da shi. Akwai kuma wata tsohuwar dabara da ba a koya wa kowa amma kowa ya iya. In ba ka yarda da abu ba, kuma ba ka son a ji bakinka, sai ka buga hatimin a kife, kai a ƙasa. Takarda ta wuce, ba ka tare wa kowa hanya ba. In abu ya yi kyau, ba mai tunawa. In ya lalace, a zaro takarda, ka nuna da yatsa.

Da ta iso teburin Nagumo, ya ga na Hiraoka a kife. Na Kiyosue ma a kife. Mutanen da suka sha shayin Tokumaru suka ci kifinsa! Da farko ransa ya ɓaci. Daga baya, kuma wannan ne abin kunyar, sai ya ji wani sanyi ya ratsa shi, domin ga hanya an riga an share masa. In ya kife nasa, bai ci amanar ra'ayinsa ba, bai kuma yi faɗa da abokinsa ba. Ya buɗe murfin tawada, ya juya hatimin a hannu. Amma hannun ya ƙi sauka. Ya jefa takardar cikin aljihun tebur ya kulle.

Ranar Lahadi da safe matarsa Fumie tana shanya kaya a baranda, shi yana miƙa mata maƙalai, ya kwashe labarin ya gaya mata. Fumie mace ce da ba ta ɓata magana. Ta girgiza riga ta rataya kafin ta ce, "To, in ka kife, yaran za su samu na'urar da sauƙi?"

"A'a. Takardar za ta wuce dai."

"Mutanen Tokumaru fa, zai ƙare su da wani abu?"

"Ba abin da zai ƙara musu."

"To wa yake ceta?"

Nagumo ya sunkuya yana tsintar maƙalai.

"Ni dai, Baban Mika, ban san aikinku ba. Amma wannan abin ya yi mini kama da 'yar laimar nan ta mutum ɗaya. Miƙo maƙali."

Maganar ta yi masa ciwo, don gaskiya ɗaci gare ta, balle daga bakin wadda ta san ka ciki da bai. Ya yini yana kumbure-kumbure, ya ce miya ta yi gishiri alhali ba ta yi ba. Amma washegari bai wuce ofishinsa ba, ya gangara ɗakin gwajin Tokumaru da ke can ƙasan gini.

Tokumaru ya tarbe shi da murna, ya zaunar da shi gaban babban talabijin, ya kashe fitila, ya sa faifan. Ruwan sama ne kawai ke sauka a kan rufin wani tsohon gida. Ba labari, ba kiɗa. Amma kowane ɗigo kana ganin yadda ya faɗo ya fashe ya gangara, har Nagumo ya ji kamar ya ɗaga wuyan rigarsa. Bai taɓa ganin abu mai kyau haka ya fito daga hannun mutumin da ya sani ba. Da abin banza ne da an huta.

"Ya ka gani?" in ji Tokumaru, kamar mai nuna jariri.

"Ya yi kyau. Wallahi ya yi kyau, Shinpei." Rabonsa da kiran sunan nan tun suna samari. "Amma ban yarda a sa shi ba. Tun a rumfar udon ya kamata in gaya maka. Kuma ranar taro zan faɗa."

"Za ka faɗa? A ɗakin taro? Da baki?"

"Da baki."

Tokumaru ya kunna fitila. Fuskarsa ta yi ja. "Kai wane irin mutum ne? Ka kife hatiminka mana kamar sauran! Kana tsammani ban san sun kife ba? Na sani! Ka kife ka bar ni in wuce, ba wanda zai ji kunya."

"Ba zan kife ba."

"Sai dai ka tsaya gaban shugaba ka tuɓe ni."

"Sai dai in faɗi abin da nake gani inda za ka iya ba ni amsa."

"Shekara talatin," in ji Tokumaru. Ya buɗe ƙofa ya riƙe. "Na gode da ziyara, Nagumo-bucho."

Da sunan muƙami ya kira shi, kamar baƙo. Nagumo ya fita ya hau bene.

Ranar taro aka jeru a dogon tebur, shugaban kamfani a can kai. Aka karanta shawara, kawuna suka fara gyaɗawa. Sai Nagumo ya miƙe. Bai yi dogon jawabi ba. Ya ce faifan abin alfahari ne, kuma wata rana kowane gida zai mallake shi, amma ba a kan wuyan yara ya kamata a ɗora shi ba. Ya ba su labarin shagon Obachan da ƙananan ambulan.  Hiraoka, mai kifaffen hatimi, ya duƙufa yana nazarin farcensa. Kiyosue ya gano wani abu mai ban sha'awa a rufi. Ko ɗaya bai ce uffan ba, su da ra'ayinsu ɗaya da nasa. Tokumaru ya miƙe ya ba da amsa, ya kuma ba da ita da kyau, don mutum ne da ya san abinsa. Shugaba ya yi gyaran murya ya ce an ji, an gode, za a sa faifan.

Nagumo ya koma ofis ya buɗe aljihun tebur. Yanzu kam in ya kife ba mai zarginsa, duniya ta shaida ya yi magana. Ya daɗe yana kallon gidan hatiminsa da ke fayau tsakanin kifaffun nan. Sannan ya daidaita hatimin, ya duba ya sake dubawa, ya danna shi a tsaye cak, ya ba sakatariya ta kai gaba.

Daga nan ya ƙera na'urar da duk ƙarfinsa, kamar shi ya kawo shawarar. Ya rage abin da zai ragu, ya yi faɗa da masu kawo kaya kan kowane ƙusa, amma idon nan ya zauna daram a tsakiya da tsadarsa. Shi da Tokumaru suna haɗuwa a taro su rusuna wa juna cikin ladabi, irin ladabin da ya fi zagi ciwo. Da Hiraoka da Kiyosue kuwa Tokumaru yana gaisawa lafiya lau, dama zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Nagumo ya daina zuwa rumfar udon, don taliyar ta daina yi masa daɗi.

Na'urar ta fito da sanyin shekara mai zuwa. Jaridu suka yabi hotonta, suka yi ba'a da farashinta. Masu albashi da sanƙo suka saya a makon farko, daga nan kasuwa ta kwanta. Tun kafin shekara ta ƙare aka zaro takardar nan, kamar yadda aka saba. Masu kifaffen hatimi suka yi ta girgiza kai cikin jimami, suna cewa ai sun hango. Aka sanar cewa da bazara Tokumaru zai koma wani ƙaramin reshe a Tottori, inda ake haɗa akwatunan kwali. Nagumo kuma aka ba shi tebur a bakin taga, babu waya babu aiki, ya zauna ya kalli gari har ritaya ta zo. Hiraoka ya samu ƙarin girma.

Washegarin sabuwar shekara Nagumo ya tafi Nipponbashi, ya tsaya a lungunsa kusa da hita. Obachan ta jona sabuwar na'urar da talabijin a bakin ƙofa, yara sun yi cincirindo a gabanta, baki buɗe, hanci na yoyo. Akwatunan kuwa suna nan a jibge har rufi, ba a taɓa ko ɗaya ba.

"Ka ga abin da ka jawo mini," in ji Obachan. "Shagona ya zama gidan kallo, kuma kyauta. Da na sani da gyaɗa na kawo na sayar musu."

"A yi haƙuri, Obachan."

"Haƙuri zan biya haya da shi? Au, ga ɗayan ma ya iso. Yau masu laifi sun cika."

Nagumo ya waiwaya. Tokumaru ne a ƙofa, naɗe da gyale, yana riƙe da hularsa kamar wanda ya zo gaisuwar mutuwa. Sau ɗaya ya taɓa zuwa shagon, shekaru da yawa baya, amma Obachan ba ta mantuwa. Ya raɓa ta cikin yara ya zo ya tsaya kusa da hita, ba tare da ya dubi Nagumo ba. 

Wasu 'yan mata biyu, ya da ƙanwa, suka matso gaban kanta. Babbar ta haɗa ambulan ɗinta da na ƙanwar ta ajiye, ta nuna akwatin da yatsa. Obachan ta leƙa ciki, ta sunkuyo ta yi mata magana a hankali. Yarinyar ba ta yi kuka ba. Ta mayar wa ƙanwar nata, ta rusuna ta yi godiya, suka ƙara tsayawa kaɗan gaban talabijin, sannan ta ja hannun ƙaramar suka fita.

"Nawa ya rage musu?" in ji Tokumaru. Ita ce maganarsa ta farko.

"Goron sabuwar shekara guda," in ji Nagumo.

"To baɗi za su dawo. Kafin nan ma farashin ya sauka."

"Ƙaramar wataƙila. Babbar ba za ta dawo ba."

Tokumaru ya bi ƙofar da kallo. Ya murza hularsa ya sake murzawa.

"Ban ƙara duba takardar nan ba sai ranar da aka zaro ta," ya ce. "Na ɗauka naka a kife yake, na ce ba sai na gani ba. Sai ga shi a tsaye ƙyam kamar soja. Kai da ka fi kowa hayaniya! Sakarai, da ka kife da yanzu kai ne a kujerar Hiraoka. Me ya kai ka?"

"Abin da ke raina na faɗa da bakina. Da aka yanke kuma, na'urata ce, ni na ƙera ta."

"Shi ke nan?"

Nagumo ya miƙa hannuwansa ga hita. "Kuma na san ruwa zai sauko. Ban so a ce kai kaɗai ya jiƙa ba."

Tokumaru ya ciro hankici ya fyace hanci da ƙarfi, ya ce hitar nan hayaƙi take yi, alhali ta lantarki ce.

"Amma hoton ya yi kyau," ya ce can, yana kallon yaran da ke gaban talabijin.

"Ya yi kyau."

"Kai, ku biyun nan!" Obachan ta daka musu tsawa daga bayan kanta. "In kun gama zaman makokin, ku kwashe mini akwatunan nan ku kai ɗakin baya, sun tare mini wurin 'yar tsana. Ku kuka ƙera su, ku kuka san nauyinsu."

Tokumaru ya cusa hular a aljihu, Nagumo ya naɗe hannun kwat. Babban kwalin da ke ƙasa ya fi ƙarfin mutum ɗaya, balle masu ciwon baya, don haka kowa ya kama gefe guda.

"Ɗaga naka ɓangaren mana, mai sanƙo."

"Kai dai duba gabanka, tsoho, akwai tudu a ƙofar."